Ɗakin da Sanyi Yake Taruwa

Litinin, 6 ga Maris 1978, bayan la'asar

Zafi ya sauka Garwa da wuri bana. Kogin Binuwai ya janye har ana ganin yashi a tsakiyarsa.

Na duba injin da safe. Lafiya lau yake. A sabon benen nan na gwamnati, idan sanyi ya lalace ba wanda za a tambaya sai ni, shi ya sa nake son in riƙa ajiye abin da na gani. Injin ɗaya ne, a kan rufi. Yana tura iska ta bututu zuwa kowane biro, wato ofis, ta fito ta wata raga a palafon, wato rufin ciki. Turawan da suka kafa shi sun ce da gangan aka sa iskar ta fito da sanyi ƙwarai, domin bututun ƙanana ne, wai za ta gauraya da ta ɗaki kafin ta sauko kan mutum. A takarda haka ne. A zahiri kan wuya take faɗowa.

Ba mai cewa sanyin ya yi yawa. Ranar buɗe ginin an yi jawabi, an ce kyauta ce daga sama, kuma ba wanda yake so a ji shi yana kushe ta. Abin da mutane suke yi shi ne su tare ni a matakala, su tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan su shafa wuya. Idrisa mai ajiyar takardu ne ya fara. Ya ce in ya dawo daga alwalar azahar da danshi a ka, sai ya ji kamar ana soka masa basilla a kunne. Na yanka kwali na cusa a bayan ragarsa. Daga shi sai na kusa da shi. Yanzu wasu da kansu suke hawa tebur su cusa tsumma, ko tsohuwar hula, ko guntun tabarma.

Na san abin da hakan yake jawowa. Kamar ban ruwa a lambu ne, in ka toshe bakunan fangali, ruwan duk na ƙarshe yake tafiya. Na ƙarshe a ginin nan shi ne ɗakin Léon, mai kula da kayan ma'aikata, a ƙasa, can ƙarshen baranda.

Talata, 7 ga Maris, da hantsi

Léon ya tare ni. Mutumin kudu ne, amma ya daɗe a nan, yana Hausar kasuwa da Fulatanci a haɗe. Na same shi da kwat biyu, ya danne takardunsa da duwatsu don kada iska ta kwashe.

“Sarkin Sanyi, zo ka ga talakanka,” in ji shi. “An ce mini Garwa wuta ce. Ni kaɗai aka turo lahira mai sanyi?”

Na ce bari in kawo kwali. Ya ƙi. Ya ce shi ya sa hannu a kan kowace kujera da kowace raga ta ginin nan, ba zai cusa shara a kayan gwamnati ba, a gyara abin yadda ya kamata. Gaskiyarsa. Na ce zan duba. Ya ce ya san wannan duban, tun watan jiya nake yin sa.

Na riƙe ma'aunin zafi a saitin kansa. Ban gaya masa abin da ya nuna ba.

Alhamis, 9 ga Maris, bayan azahar

Darakta Hayatu ya kira ni. Ya daɗe yana yabon injin, ya ce baƙi daga Yawunde sun ce ko a can ba su da irinsa. Yana magana yana murza kafaɗa, ga rawani ya naɗe wuya da shi, abin da ba ya yi da. Sannan ya ce zai fita zuwa wani taro, ba zai dawo ba sai la'asar, ya ajiye mabuɗin biro a gefen tebur, a wajen da nake tsaye.

Bai ce in yi komai ba. Ina so wannan ya zauna a rubuce. Bai ce ba.

Ragarsa ta fi ta kowa girma. Kwali bai isa ba, sai da na haɗa da wata tsohuwar shimfiɗar kujera da na samu a bayan kabad ɗinsa.

Asabar, 11 ga Maris, da yamma

Yanzu da hantsi mutane sukan fito gindin darbejiya su sha rana, kamar ƙadangaru. Ana ce masa shan shayi. Yau Léon ya fito yana tari, hancinsa ja, Idrisa yana tsokanarsa wai ko amarya ya yi a Ngawundere, garin sanyi, ya ɗauko mura. Léon ya nuna rufin da kofinsa.

“Wallahi wata rana da kaina zan hau can in kashe dodon nan, kowa ya huta.”

Aka yi dariya. Ni ma na yi. Ina ta ƙoƙarin tuna su wa da wa suke wurin. Akwai direbobi, akwai mutanen bene na sama. Akwai wanda bai yi dariya ba, amma ban riƙe fuskar ba, ko kuwa ba na so in riƙe.

Talata, 14 ga Maris, da safe

Na ga farin abu a jikin babban bututu, kusa da injin. Ƙanƙara ce. Iskar da take ratsa injin ta ragu, sanyin ba shi da wurin zuwa, sai ya daskare a ciki. An koya mana wannan a kolej, kuma yana cikin littafin injin.

Maganin a fili yake: a cire duk abin da aka cusa. Amma na wa zan fara cirewa? In na fara da na Idrisa, zai ce don shi ƙarami ne. In na fara da na sama, ba ni da mabuɗi, kuma ba zan iya zuwa in roƙa ba, tunda ba a taɓa cewa akwai wani abu a wurin ba.

Na kashe injin ya huce, na sake kunnawa. Léon ya biyo ni sama don ya ga abin da idonsa. Ya taɓa ƙanƙarar, ya ce a Garwa, a watan Maris, wannan abin a kai kasuwa ne. Masu shara sun gan mu muna saukowa.

Jumma'a, 17 ga Maris, bayan masallaci

Na duba injin. Yana aiki. Ran Litinin zan fara cirewa, daga ƙasa.

Litinin, 20 ga Maris

Ba zan rubuta komai yau ba.

Talata, 21 ga Maris, bayan asuba

An bar injin a kunne Asabar da Lahadi saboda taron da za a yi. Ba ni na ba da wannan umarni ba. Ƙanƙarar ta cika cikinsa, wuta ta ɗauke ran Lahadi, ta narke gaba ɗaya. Ruwan ya bi bututu ya taru a palafon na zauren taro har ya ɓalle.

Da a tsakiyar zauren ya zuba, da kujeru kawai za a shanya. A bangon gabas ya zuba, inda aka rataye hoton nan da ake ratayewa a kowane ginin gwamnati. Gilashin ya fashe. Ruwan, da dattin bututu a cikinsa, ya bi fuskar daga hula har haɓa. Baƙin da suka zo taron su suka fara gani, tun kafin a samu mai saukewa.

Matata Luba ta ce jiya na zauna a kan tabarma da takalmi a ƙafa har aka kira isha'i. Ban tuna ba.

Laraba, 22 ga Maris, bayan la'asar

Mutum biyu suka zo, ba kaki a jikinsu. Ɗaya dogo, ba ya magana. Gajeren yana da fara'a, ya gaishe ni da Hausa mai kyau, ya ce ya san yayana Ishaku a kasuwar shanu, ya san kakanmu daga Kano ya zo. Ban gaya masa ko ɗaya ba.

Ya tambaya ko injin tsoho ne. Na ce sabo ne. Ya tambaya ko injin sabo yakan yi haka da kansa. Na ce ba ya yi. Ya ce ashe hannun mutum ne. Na ce idan aka hana iska wucewa, haka yake yi. Ya ce madalla, ya rubuta. Sannan ya tambaya ban da ni da masu gyara, wa ya taɓa hawa rufin a watan nan.

Na faɗi sunan Léon, domin masu shara sun riga sun gani.

Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Na sake bin tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ba inda na yi ƙarya. Ba su tambaye ni ta ina aka hana iskar wucewa ba.

Alhamis, 23 ga Maris, da hantsi

Léon bai zo ba. Ƙofarsa a buɗe, iska tana kaɗa kalandar bango. Ba wanda ya fito gindin darbejiya.

Alhamis, bayan azahar

Idrisa ya wuce ni a matakala bai tambayi iyali ba.

Jumma'a, 24 ga Maris, da yamma

Matar Léon ta zo gida. Yvette sunanta, tela ce a unguwar Jambutu. Ban taɓa ganinta ba sai yau. Luba ta shimfiɗa mata tabarma a zaure, ta kawo ruwa, ba ta sha ba. Ta ce shekaranjiya da magariba aka zo aka ce ya zo ya amsa 'yar tambaya, ya fita da silifas. Ta je komisariya, wato ofishin 'yan sanda, an ce ba ya nan. Ta je wajen jandarma, an ce ba su san da shi ba. A wuri na uku an karɓi abincin da ta kai, to ta san a can yake.

Ta ce kullum in ya dawo gida sunana yake kira, da Mushe irin na Faransanci, wato Malam: Mushe Wada ya ce zai duba, Mushe Wada mutumin kirki ne, kunya ce ta yi masa yawa.

“Kai ka san injin nan. Mijina ko fitila ta lalace ni nake gyarawa. Ka gaya musu.”

Na ce in sha Allahu. Bayan ta tafi Luba ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Malam, me za ka gaya musu?” Na ce abin da na sani. Ta ce to me ka sani. Na tashi na yi alwala, alhali da alwalata.

Asabar, 25 ga Maris, bayan la'asar

Darakta ya aiko cewa ran Litinin za a sake taron, yana so injin ya tashi, ko ta yaya. An aiko mini da mabuɗan ginin duka a zobe ɗaya, har da nasa.

Da aka tashi aiki na sallami masu gyara, na ɗauki tsani da buhu ni kaɗai. Na bi biro biro. Ban san abin ya kai haka ba. Kusan kowace raga da abin da na zaro: kwalaye, jaridu, safa, ɗankwali, hular Idrisa mai zanen shuɗi wadda ya ce ta ɓata. Shimfiɗar kujerar Darakta ta yi baƙi da ƙura. A ginin nan kaf, ragar Léon ce kaɗai ba komai a bayanta.

Na ɗaure buhun na ajiye a ɗakin injin. Zuciyata ta ɗan yi sauƙi. Ga shaida a hannu, kuma ga injin zai tashi, kowa ya ga inda cutar take. Na kunna. Na sauka ɗakin Léon na zauna a kujerarsa. Iskar tana saukowa a hankali, takarda ba ta motsi. Irin gyaran da ya roƙa ke nan. Bai ɗauke ni ko yini guda ba.

Lahadi, 26 ga Maris

Ishaku ya zo. Bai ambaci maganar ba. Ya ce 'ya'yana ƙanana ne, ya ce takardar zama ɗan ƙasa ta babanmu ta sha wuya kafin ta fito, ya ci goro ya tafi.

Litinin, 27 ga Maris, bayan azahar

An yi taron. An rataye sabon hoto a bangon gabas.

Da aka watse Darakta ya kira ni gaban zauren. Mutanen nan biyu suna tsaye tare da shi. Ya dafa kafaɗata, ya ce su ji yadda sanyin ya daidaita ko'ina, sama da ƙasa, bai taɓa yin daɗi haka ba. Gajeren ya ɗaga hannu saitin raga, ya gyaɗa kai. Ya ce abin mamaki, tun da aka ɗauke mutum ɗaya daga ginin, injin ya warke.

Sai a lokacin na gane abin da na yi ran Asabar. Da na bar kowane tsumma a inda yake, na kai su su zaro da hannunsu.

Na buɗe baki. Na tabbata na buɗe, domin Darakta ya dube ni.

“Wada mutum ne mai tausayin jama'a,” in ji shi. “Kowa a ginin nan ya san abin da Wada ya yi masa.”

Ya faɗa da murmushi. Har yanzu ban san ko godiya ce ba.

Litinin, da yamma

Mutum uku sun tambaye ni, kowa a ɓoye, ko na zubar da sharar da na kwashe. Idrisa ya ce shi bai taɓa mallakar hula mai shuɗi ba.

Talata, 28 ga Maris, bayan la'asar

Na kai buhun.

Na ɗaure shi a bayan keke, na tafi wurin da aka karɓi abincin Yvette. Gida ne kamar kowane gida, ba allo a ƙofa. Na daɗe a benci kafin gajeren ya fito. Ya shigar da ni wani ɗaki mai zafi, fanka ma babu. Na zazzage buhun a ƙasa, na yi masa bayanin lambu da fangali. Ya saurara da kyau, har ya ce shi ma babansa yana da lambu. Na ce Léon ne kaɗai bai toshe ba, shi ya sa sanyin ya taru a kansa, shi ya sa ya yi waccan magana.

Ya juya tsummokaran da ƙafa. Ya ce tsumma ba shi da suna, irin wannan ana iya tara shi a kowace bola. Ya tambaya wa ya gan ni ina cirewa. Na ce ba kowa. Ya ɗaga shimfiɗar kujerar da bakin alƙalami, ya tambaya wannan daga wane biro ta fito, kuma wa ya hau tsani ya sa ta.

Na yi shiru. Ba dogon shiru ba ne, ina jin.

Ya ce, “Malam Wada, in na rubuta wannan, sunaye zan rubuta, naka a farko, na biyu kuma ka san na wa. Takarda in ta tafi ba ta dawowa. Je ka gida ka kwana da shi. Ka dawo ran Alhamis, sai mu rubuta a natse.”

Na yi masa godiya. Wannan ne abin da yake damuna. Na ji daɗi da ya ce Alhamis, har na yi masa godiya.

Laraba, 29 ga Maris, da safe

Na duba injin. Lafiya lau yake.

Laraba, bayan magariba

Na gaya wa Luba duka, har da mabuɗin da aka ajiye a gefen tebur. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaya in na faɗa za su sake shi. Na ce ban sani ba. Ta tambaya in na faɗa za su bar ni in dawo. Na ce ban sani ba. Ta ce to ka san wani abu kuwa, Malam. Na ce na san ragarsa ba komai a bayanta.

Ta ɗauko rigata mai kauri ta wanke. Ta ce gobe in ci abinci sosai kafin in fita, kuma in sa takalmi, kada in tafi da silifas.

Alhamis, 30 ga Maris, bayan azahar

Na je. Na dawo.

Na isa tun ba a buɗe ƙofa ba. Da gajeren ya zo ya gan ni a benci, sai ya yi kamar ya manta, sannan ya ce af. Ko ɗaki bai shigar da ni ba. Ya ce an rufe maganar, jiya da safe mota ta tafi da mutumin da takardunsa, yanzu abin ya fi ƙarfin Garwa. Na ce na zo a rubuta, sunana a farko, na biyu ma zan faɗa. Ya ce ba fayil ɗin da zai sa takardar a ciki.

Ya raka ni har bakin titi, yana riƙe da hannuna kamar aboki.

“Da ka dage shekaranjiya, da na rubuta,” in ji shi. “Na ga kamar ba ka shirya ba.”

Ban san ko gaskiya ya faɗa ba. Wataƙila tun kafin in kai buhun an riga an sa ranar motar. Wataƙila kuwa da na ce a'a, yanzu za a rubuta, da ya zauna ya rubuta. Ina ta juya abin tun a hanya, ta kowane gefe yana tsayuwa.

Mai gadi yana goge musu mota da ɗaya daga cikin tsummokaran.

Jumma'a, 31 ga Maris, da yamma

Na je Jambutu. Yvette ta riga ta ji, wata mai sayar da ƙosai a bakin wancan titi ta ga motar. Tana zaune gaban keken ɗinki, ba zare a ciki. Yaran suna gidan maƙwabta. Na gaya mata abin da na yi da ranar da na yi shi, ban rage ba, har da godiyar. Ta saurara tana duban hannuna. Ba ta zage ni ba. Na so ta zaga.

Ta ce an gaya mata akwai wani direba da yakan bi wannan hanya, wani lokaci yana karɓar ƙunshi, ko da yake ba ya alkawarin zai isa. Ta haɗa sabulu da gari da maganin tari. Ƙunshin ba zai wuce a riƙe a hannu ɗaya ba, in ji direban, saboda haka dole ta zaɓa.

“Mushe Wada, kai ne masanin wannan. Inda suka kai shi, zafi ake yi ko sanyi?”

Ban san inda suka kai shi ba. Na ce ta sa bargo.